Babi na Bakwai: Riƙon Tsohuwar Vespa a Garwa

Cikin ababen hawa masu ƙafa biyu da suka shigo ƙasashenmu a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya kai Vespa jimiri. Akwai waɗanda aka saya tun Ahmadu Ahidjo yana mulkin Kamaru, kuma har yau in aka buɗe mai aka taka kik, sai su amsa. Waɗanda suka saye su sababbi sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya da jikoki sun gada, ƙarfen kuwa yana nan. Sai dai riƙon irin wannan babur a gari kamar Garwa aiki ne na mai haƙuri. Rana tana gasa shi, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, man da ake sha a bakin titi ba kullum yake da tsabta ba, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya daina yin irinsa.

Duk da haka, tsufa shi kaɗai ba ya kashe Vespa. Abu biyu ne ke kwantar da ita a bayan ɗaki har tsatsa ta cinye ta: sakacin mai ita, da yankewar hanyar da kayan gyara da sanin gyara suke bi su iso gare ta. A kan waɗannan biyun babin nan zai tsaya.

An ƙera ta ne domin a gyara

Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen sama aka fi sanin kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya. Yaƙin ya ruguza masana'antarsa da ke garin Pontedera, jama'a kuma suna neman abin hawa mai araha. Sai Enrico Piaggio ya ɗora aikin a wuyan wani injiniyan jiragen sama, Corradino D'Ascanio, mutumin da babur bai taɓa burge shi ba, saboda sarƙarsa mai ɓata tufafi da wahalar da ake sha kafin a cire tayarsa. An yi wa sabon babur ɗin rajista a watan Afrilu na 1946, kuma zuwa 1956 an ƙera miliyan 1.

D'Ascanio ya kawar da sarƙa gaba ɗaya, ya manna inji da giya a gefen tayar baya. Ya yi jikin da farantin ƙarfe da aka lanƙwasa aka haɗe, ta yadda jikin shi ne ƙashin bayan babur ɗin. Ya riƙe kowace taya daga gefe guda domin a kwance ta cikin sauƙi, ya kuma sa garkuwa a gaba da dandamali a ƙasa. Wannan garkuwa da dandamalin su suka saye zuciyar mutanenmu. Mai babbar riga yana iya tattara rigarsa ya zauna, ya tafi ofis ko ɗaurin aure, baƙin mai bai taɓa shi ba, taɓo bai fallatsa masa ba. Shi ya sa ta zama abin hawan malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa mai rufin asiri.

Samfuran da suka fi yawa a wannan yanki sun fito ne a shekarun da aljihun ma'aikaci yake da nauyi. Super 150 da Sprint 150 sun fito a 1965, Rally 200 a 1972, PX kuma a 1977. A Najeriya, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya cika tituna da sababbin babura. A Kamaru kuwa, Garwa, mahaifar Ahidjo, tana cikin bunƙasa: masaƙar CICAM tana aiki, an kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974 da hedikwatarsa a garin, layin dogo ya iso Ngaundere a wannan shekarar, an kuma kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Masu albashi sun ƙaru, kasuwar Garwa kuma tana haɗe da ta Yola da Mubi da Kano, abin da ya yi farin jini a can yakan tsallako nan.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka juya. Tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi, aka zabge albashin ma'aikata a 1993, aka kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsada. Sana'ar acaɓa ta kafu a biranen arewa da baburan Japan da ke shigowa ta Najeriya, bayan shekara ta 2000 kuma baburan Sin irin su Nanfang da Sanili suka mamaye, na Indiya irin su Boxer da TVS suka biyo baya. Mai shago yana bin inda masu saye suka fi yawa. Kayan Vespa suka koma can ƙarshen kanta, a wasu shagunan ma suka ɓace.

Mai, zafi da ƙura

Wanda zai riƙe Vespa dole ya fahimci abu guda game da injinta. Inji ne mai bugu biyu, ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa kamar na Boxer ko na mota. Man da ke shafe fistin da boris da kiranshaf yana tafiya ne a cikin fetur, ya yi aikinsa, ya ƙone ya fita ta salansa. Ke nan duk lokacin da aka sha mai, a lokacin ake yanke wa injin hukunci. Yawancin samfuran da aka ƙera daga wajajen 1959 zuwa gaba suna son kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, mililita 100 a lita 5. Waɗanda suka girme su suna son kashi 5 cikin 100. In man ya yi kaɗan, fistin zai yi zafi ya cije a cikin silinda. In ya yi yawa, hayaƙi zai turnuƙe, fulogi ya jiƙe, baƙin gawayi ya toshe salansa. Shi ya sa idan aka turo wa tsohon bakanike Vespa da ta cije, kafin ya ɗauki sifana yakan tambaya: “Alhaji, wane mai kake sa mata, kuma da me kake aunawa?”

Amsar da ta dace ita ce man da aka rubuta wa 2T, a auna shi da ɗan kofi mai alama, a ajiye kofin a akwatin babur. Baƙin man mota na zamani an yi shi ne domin ya zauna a cikin inji, in aka ƙona shi yakan bar toka a kan fistin da bakin fulogi. Wanda aka juye daga wata mota kuwa, cike yake da garin ƙarfe, zuba shi a tanki ɓarna ce tsantsa. Wasu PX suna da ƙaramin tankin mai daban da famfo mai haɗawa da kansa. Mai irin wannan ya riƙa duba ɗan gilashin da ke nuna man, ya kuma tabbatar famfon yana aiki, domin in ya tsaya ba ya sanarwa.

Sai fetur ɗin kansa. Duk wanda ya san Garwa da Marwa ya san zuwa-zuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Shekaru da dama ya fi na gidan mai araha saboda tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya, har zuwa ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin. Matsalarsa ga ƙaramin inji tana cikin hanyar da ya biyo: jarka bayan jarka, rana da ƙura, wani lokaci ruwa a ƙasan kwalba, wani lokaci mai son zuciya ya surka da kananzir. Ramukan jet na kafireta ba su kai kan allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su. In babban jet ya toshe rabi, injin zai sha iska fiye da mai, ya yi zafi, man shafawa ma ya ragu tunda tare suke tafiya. Kananzir kuwa yana sa inji ƙwanƙwasa, har ya kai ga huda kan fistin. Maganin ba shi da tsada: a tace mai da tsabtataccen ƙyalle a bakin mazurari, a wanke tanki da kafireta lokaci-lokaci, a kuma rufe makunnin mai duk sanda aka ajiye babur, don kada fetur ya tsiyaya ya cika cikin inji.

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Injin Vespa yana ɓoye a gefe, iskar hanya ba ta dukansa. Fanka ce da ke jikin faifan maganeto take hura iska, wani murfi da ya lulluɓe silinda yake karkatar da ita ta bi tsakanin haƙarƙarin ƙarfen. Wasu sukan cire wannan murfi da sunan inji ya sha iska, alhali cire shi ne ke hana iskar isa inda ake buƙatarta. Murfin ya zauna, in ya fashe a nemo wani, a kuma riƙa kankare dattin mai da ƙura da ke cushe haƙarƙarin. A doguwar tafiya irin ta Garwa zuwa Marwa, mai kimanin kilomita 200, kada a murɗe totur har ƙarshe a riƙe shi haka. A dogon gangare kuma, kamar na dutsen da ake saukowa daga Ngaundere, kada a rufe totur ɗungurungum a bar giya tana jan inji, domin injin yana gudu amma man shafawa ba ya shiga. A riƙa ɗan buɗe shi jefi-jefi. In aka ji ƙarar inji ta canza, ƙarfi ya ragu farat ɗaya, a damƙe kuloci nan take kafin tayar baya ta kulle.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana da tata illar ta musamman. A yawancin waɗannan injuna, gefen kiranshaf ne da kansa yake buɗewa da rufe ƙofar da mai ke shiga, yana wucewa dab da wani lallausan fili a jikin kaskon inji, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda ba. In yashi ya shiga ya karce filin nan, injin zai riƙa tofar da mai baya, ya yi wuyar tashi, kuma babu sabon fistin da zai magance wannan. Sai dai a cike wurin da walda a sake goge shi a inji, ko a sauya kaskon. Abin da ke kare shi ragar tace iska ce da ke saman kafireta, da murfin akwatin kafiretar, da wata roba mai lanƙwasa da ta haɗa akwatin da jikin babur. Dukkansu ba su da tsada. A hunturu a yawaita wanke ragar da fetur, robar kuma in ta tsage a sauya ta a ranar. A nan ne rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

Abubuwan da ke ci

Fulogi shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, injin yana shan iska fiye da kima, a tsaya a bincika. Tazarar bakinsa wajen milimita 0.6 ce. A kula da tsawon zarensa: injin 125 da 150 gajere suke ɗauka, na 200 dogo. Sa dogo a gurbin gajere yana iya sa fistin ya doke shi.

Tsofaffin samfura suna ba da wuta ne ta kwantak da kwandansa da ke bayan faifan maganeto. Ana goge bakin kwantak a daidaita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.5. A Rally 200 da PX na baya an koma wutar lantarki marar kwantak, wadda ba ta son taɓi, sai dai in ta mutu a sauya. Ko wanne ne, faifan maganeto ana cire shi ne da abin jansa na musamman. Dukansa da guduma yana raunana maganaɗisu, yana kuma iya lanƙwasa bakin kiranshaf.

A gefe biyu na kiranshaf akwai robobin tare mai, waɗanda makanikai ke kira sil. Zafi da shekaru suna busar da su. In na wajen maganeto ya saki, iska za ta shiga ta ɓarauniyar hanya, injin ya ƙi sauka in an saki totur, ya yi ta zafi. In na wajen kuloci ne, injin zai riƙa zuƙar man giya, farin hayaƙi mai kauri ya biyo baya. Man giyar kansa kaɗan ne, wajen mililita 250 na SAE 30, kuma a cikinsa faifan kuloci suke wanka. Mantawa da shi yana daga cikin sakacin da ya fi yawa.

In Vespa ta fara fitar da giya da kanta tana cikin tafiya, galibi wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu huɗu da ke zaɓar giya ya cinye. An yi shi da ƙarfen da bai kai na haƙoran giya tauri ba, domin shi ya ci, su su tsira. In aka yi jinkirin sauya shi, zai lalata su. Zarensa na hagu ne, wanda bai sani ba yakan ƙara ɗaure shi yana zaton kwancewa yake yi, har ya karya sandar.

Giya da kuloci da totur da birki duk da waya suke aiki, giya ita kaɗai waya biyu gare ta. Wayar kuloci ce ta fi tsinkewa, don haka kada akwatin babur ya rabu da sabuwa ɗaya, tare da fulogi da sifanarsa da filaya. Tayar gaba da ta baya da safaya duk girmansu ɗaya, Super tana ɗaukar mai inci 8, Sprint da PX mai inci 10. Rim ɗin gida biyu ne da aka haɗe da noti, abin da ke sauƙaƙa wa mai faci aiki, amma dole a sace iska gaba ɗaya kafin a raba shi, in ba haka ba zai iya fashewa a fuskar mutum.

Daga ƙarshe sai jiki. Tunda jikin shi ke ɗauke da komai, tsatsar da ta ci ƙarƙashin dandamali ta ci ƙarfin babur ɗin ne. A damina, musamman Agusta, ruwa da laka sukan kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar roba. A ɗaga ta a wanke a busar. Inji ko ya ragargaje ana iya tayar da shi, amma jikin da ya ruɓe a tsakiya, gyaransa sai gwanin mai walda da ya san yadda zai riƙe saitin tayoyin biyu.

Daga ina kayan ke fitowa

Abin da ya ceci masu Vespa a Afirka shi ne Indiya. A farkon shekarun 1960 kamfanin Bajaj ya fara ƙera Vespa da izinin Piaggio. Da yarjejeniyar ta ƙare a 1971, ya ci gaba da kansa, ya fito da Chetak a 1972, wadda ta yi kama da Sprint ƙwarai, ya kuma yi sama da shekara 30 yana ƙera ta. Kamfanin LML na birnin Kanpur ya haɗa gwiwa da Piaggio a farkon shekarun 1980, suka rabu a 1999, ya ci gaba da yin irin PX har ya durƙushe a 2017. A Italiya ma dokar taƙaita hayaƙi ta Turai ta sa zuwa 2017 an daina ƙera PX. Amma miliyoyin baburan da aka sayar a Indiya da Indonesiya da Turai sun bar ƙananan masana'antu masu yawa da har yau suke yin fistin da zobba da sil da faifan kuloci da wayoyi. Kayan suna nan a duniya. Tambayar ita ce yadda za su iso Garwa, da kuma wanne ne zai shiga.

Tun asali Garwa garin hanya ce. A da jiragen ruwa suna hawo Binuwai da kaya in kogi ya cika, har yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga, layin dogo kuma ya karɓe ragowar. Yau kayan babur suna da manyan hanyoyi biyu. Ɗaya daga tashar Duwala zuwa Ngaundere, sannan a yi kimanin kilomita 280 a mota. Ɗaya kuma daga Legas zuwa kasuwannin Nnewi da Anaca, zuwa Kano da Yola da Mubi, a tsallako ta Demsa da Gashiga, ko ta Gidar, ko a kwale-kwale ta kogi. Hanyar Najeriya ta fi kusa, amma ta sha yankewa. A 2014 rikicin Boko Haram ya rufe Banki, ya kuma kai ga kame Mubi a watan Oktoba kafin a ƙwato ta. Daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A irin waɗannan lokuta mai Boxer yakan sami abin da yake nema a cikin gari, mai Vespa kuwa sai ya jingine ta saboda robar da kuɗinta bai kai na lita biyu na fetur ba. Darasin a bayyane yake: ƙananan kayan da aka san suna ci, a saye su tun ba a buƙace su ba. Tunda sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuma ta faɗi sosai daga Yunin 2023, mai sefa a hannu yana da sauƙin yin wannan tanadi a kasuwannin Najeriya.

Kayan da ake samu iri huɗu ne. Akwai ragowar na Italiya da suka daɗe a shago, masu kyau in ƙarfe ne, amma roba da ta shekara 30 a kanta ta riga ta mutu. Akwai na Indiya, wasu nagari, wasu jabu a cikin kwali mai kyau. Akwai na babur ɗin da aka yanka, irin waɗanda ake nema a wurare kamar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma sau da yawa tsohon kaskon inji ko haƙorin giya na asali ya fi sabon kwaikwayo, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai na huɗu, aikin hannun mutanenmu: gasket da ake yankawa daga takardarsa, waya da ake yi wa kai da dalma, kujera da ake sake ɗinkewa, ƙananan ƙarafa da maƙeran wurare irin Panteka ta Kaduna suke fitarwa in an kai musu samfuri. Yanzu kuma an sami ƙarin hanya, domin matashi mai waya yana iya yin odar kaya ta intanet daga Indiya ko Jamus ko Italiya. Kuɗin aike yana da yawa, don haka ya fi dacewa da ƙananan abubuwa masu muhimmanci, ko masu babur su haɗa oda ɗaya.

Kafin a sayi komai, a san samfurin. Harufan farko na lambar da aka buga a jikin babur su ne shaidarsa: VBC1T Super 150 ce, VLB1T Sprint 150, VSE1T Rally 200, VLX1T kuma PX 150. Bambancin yana da muhimmanci. Faɗin fistin na Super da Sprint milimita 57 ne, na PX 150 kuwa 57.8, kuma ƙofofin da ke cikin silindarsu ba iri ɗaya ba ne. Wasu injunan LML na baya sun sauya tsarin shigar mai, kiranshaf ɗinsu ba zai yi aiki daidai a kaskon Italiya ba. Babur mai shekara 40 kuma wataƙila an taɓa sauya masa inji, don haka a duba lambar injin ita ma. Sunayen kaya sun bambanta tsakanin kasuwar da ke bin Faransanci da wadda ke bin Ingilishi, saboda haka mafi aminci shi ne a tafi da tsohon a hannu, a ɗora shi kusa da sabon a auna.

Ba kowane wuri ake neman rangwame ba. Madubi da ƙwan fitila da shimfiɗar dandamali, mai araha ya wadatar. Amma boris da sil da fistin da zobba da ɗan ƙarfen giya suna can tsakiyar inji, sai an raba kasko biyu ake kai musu, jabu ɗaya kuma zai sa a maimaita aikin gaba ɗaya. Taya da takalmin birki kuwa rai ne a kansu. A waɗannan araha ba ta ado. Bayan an faɗaɗa silinda an sa sabon fistin, a bi injin a hankali na wasu ɗaruruwan kilomita kafin a nemi gudu.

Hannun da ya san ta

Duk abin da aka lissafa a sama, wani ne ya san shi da hannunsa. Masu wannan sani su ne makanikan da suka koyi aiki a shekarun 1970 da 1980, waɗanda ke jin ƙarar inji daga nesa su ce sil ne ko boris. Yawansu raguwa yake yi. Yaran gareji na yau sun tashi ne a kan injin bugu huɗu na Sin da Indiya, inda kaya ke da yawa da araha, aiki kuma yawanci cire wannan sa wancan ne. Ba laifinsu ba ne, abin da ke shigowa gareji shi suke koya. Amma wanda bai taɓa saita kwantak ba, bai taɓa daidaita wayoyin giya biyu ba, in aka kawo masa Vespa zai yi ta lalube, babur ɗin kuma shi zai biya kuɗin koyon. Ana iya yin odar fistin daga Indiya. Sanin yadda ake sa shi kuwa sai an zauna kusa da wanda ya iya.

Akwai dalilin da ya sa wannan sani ya cancanci a riƙe shi. Injin Vespa yana da sauƙin fahimta, komai nasa a fili yake, yaron da ya kwance shi ya mayar ya fahimci wuta da mai da iska da matsi, fahimtar da za ta yi masa amfani a kan janareta da injin ban ruwa da injin niƙa, waɗanda manoman kwarin Binuwai ke dogara da su. Gaskiya ne tana hayaƙi fiye da baburan yanzu, ba kuma za ta koma abin hawan kowa ba. Amma wadda aka auna wa mai daidai, aka wanke mata salansa, hayaƙinta kaɗan ne, kuma babur ɗin da ya yi shekara 40 yana aiki ya riga ya biya kuɗin ƙarfensa ninki-ninki.

Saboda haka, mai karatu, in akwai Vespa a gidanku da aka jingine tun rasuwar mai ita, kada a miƙa ta ga 'yan gwangwan a kan kilo. A duba lambarta, a zubar da tsohon man tanki, a nemi dattijon da ya san ta tun yana da ƙarfin aiki. In ba za ta tashi ba, kayan jikinta za su tayar da wata. Ku kuma iyayenmu makanikai da kuka ga zamaninta, ku jawo yaro ɗaya ko biyu kusa, ku sa su raba kasko da hannunsu a gabanku, ku faɗa musu ma'aunin da ke kanku su rubuta. Masu babur su biya ladan wannan aiki yadda ya kamata, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita babu yaron da zai tsaya ya koye ta.